Shekarar da Tudun Heda Ya Ƙone

Ranar Lahadin da ta wuce, a wajen sunan jikar Alhaji Mumuni a Lewisham, wani saurayi daga cikinku ya tambaye ni aikin da na yi kafin in yi ritaya. Na ce masa shekara goma sha shida na yi ina rainon heda. Ya juya ya gaya wa 'yan'uwansa da Turanci wai ashe Uncle gardening ya yi, suka kwashe da dariya, wata ma ta ce ita ma tana da fulawa a tagar flat ɗinta. Ban tanka ba a wurin, don bakina cike yake da waina, kuma ba a faɗa a gidan suna. Amma tunda kuna jin Hausa ko da ba ku mayarwa, ga amsata a rubuce. Wanda ya kasa karantawa ya kai wa uwarsa ta karanta masa.

Heda ita ce wadda Turawa ke rubutawa heather, masu ilimin tsirrai kuma su ce Calluna vulgaris. Ƙaramar bishiya ce da ba ta cika wuce gwiwar mutum ba, rassanta sirara masu tauri, ganyenta ƙanana sun manne da reshe a jere huɗu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yawancin shekara ba ta da wani kyan gani, sai Agusta ta kama ta yi fure shunayya ta rufe tudu gaba ɗaya, ƙudan zuma su yi ta kai-kawo har kana jin su daga bakin hanya. Ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba, 'yar gida ce, ta riga London zuwa. Da can da ita talakawan ƙasar nan suke tsintsiya da jinka da shimfiɗa, tumakinsu kuma su ci. Da aka daina kiwo gidaje suka cinye filayen, sai 'yan gutsattsarin da suka rage nan da can. Ɗaya daga cikinsu wani tudu ne a gefen Croydon, kuma a kansa na ƙarar da ƙarfina.

Na zo ƙasar nan a 1982 daga Malumfashi don karatun aikin gona. Bayan shekara biyu tallafin da ake turo mana daga gida ya tsaya cak, kowa ya kama gabansa. Wasu suka shiga gadi, wasu wanke-wanke, ni kuwa na ce ɗan manomi ba zai rasa abin yi ba matuƙar akwai ƙasa. Na samu aiki a wani ƙaramin gidan rainon tsirrai da ke gindin tudun, wanda kuma shi aka ba kula da tudun. Babban ma'aikacin wurin wani tsoho ne mai suna Reg, hannuwansa duk kanta, ba shi da yawan magana, kuma bai yarda da duk wanda ya zo masa da takardar makaranta ba. A lokacin na tsani halinsa, yanzu ga shi ni na gaje shi.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai tebur biyu ne na 'ya'yan heda a ƙananan tukwane, lokacin da zai tafi asibiti a yi masa aiki a gwiwa. Ya ce in sa musu ido na sati biyu, kar in yi musu komai sai ban ruwa daga gangar ruwan sama da ke bayan gidan gilas ɗin da muke rainon tsirrai a ciki. Da ya tafi na tsaya na dubi tsirran nan, na ga an dasa su cikin yashi da wata ƙasa mara ƙarfi, duk sun yi sirara kamar marasa gata. Na ce a raina wannan tsoho rowa ce ke damunsa. Ni da na tashi ina kai takin shanu gonar babana a kan jaki, ba zan zuba ido shuka tana jin yunwa ba. Akwai bargar dawaki can ƙasa da mu, na tura baro na ciko shi da ruɓaɓɓen taki, na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya na ba kowace rabonta. Gangar kuma ta yi mini nisa, ga famfo nan kusa da tiyo a jikinsa, sai na riƙa ba su na famfo. Ina ta ɗokin tsoho ya dawo ya yaba mini.

Ya dawo ya tarar sun fara rawaya. Kafin wata ya zagayo babu wadda ta rage, aikinsa na shekara guda ya tafi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi, muka hau tudun yana ɗingishi, ya sa na tona gindin wata tsohuwar heda na damƙo ƙasar. Yashi ne da tsakuwa, fari-fari, irin ƙasar da a garinmu ko kyauta aka ba ka ba za ka karɓa ba.

“Ka ga abin da take ci?” in ji shi. “Duk abin da ka sani na noma ka ajiye shi a bakin ƙofa. A nan wanda ya ciyar da ita shi ya kashe ta.”

Daga baya na fahimci dalilin. Heda ƙasa mai tsami take so, wadda babu abinci a cikinta. Saiwarta siririya ce kamar gashi, kuma akwai wata funfuna da ke zaune a jikin saiwar, ita ke tatso mata ɗan abin da ke cikin yashin, hedar kuma ta ba ta daga abin da ganyenta ya sarrafa. Da wannan haɗin gwiwa take rayuwa inda sauran tsirrai suka kasa. Ka zuba taki, in ma bai ƙona saiwar ba, ka gayyato ciyawa da ƙaya, su kuwa sun fi ta saurin girma, su rufe ta su hana ta rana. Ruwan famfon London kuma cike yake da alli. Ku buɗe butar lantarkin gidanku ku ga farin da ya kama gindinta, shi na riƙa ɗura wa tsirran Reg safe da yamma. Hukuncina shi ne wanke tukwanen nan duka da ruwan sanyi a watan Nuwamba, kuma ban ce an zalunce ni ba.

Bayan wannan sai ya mayar da ni ajin farko. Wata shida bai bar ni na dasa komai ba, sai kallo da ɗaukar kaya. Yakan tsinko reshe ya ɗora mini a tafin hannu ya ce in faɗi ko heda ce ko 'yar'uwarta da ke fitowa a gefenta, wadda furenta ke kama da ƙaramar ƙararrawa, ganyenta kuma tsinke-tsinke. Ya ba ni gilashin ƙara girma mai igiya na rataya a wuya, ya nuna mini cewa abin da mutane ke ɗauka fure ne a jikin heda, rabinsa rigar furen ce ta waje, mai launi ɗaya da shi, wadda ta fi shi tsawo kuma ba ta zubewa. Shi ya sa ko ta bushe launinta bai cika gudu ba. A kwaleji na haddace sunayen Latin da yawa na ci jarrabawa da su, amma a hannun mutumin da ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha huɗu na koyi kallon shuka.

Yankan reshen dashe aikin ƙarshen Yuli ne zuwa Agusta, kuma da shi ake gane ma'aikaci. Za ka hau tudu da sassafe da jiƙaƙƙen buhu, ka nemi reshen bana wanda bai yi fure ba, wanda ya fara tauri amma bai zama ice ba, tsawonsa kamar gaɓar yatsa ɗaya da rabi. Ba datse shi ake yi ba, janyo shi ake yi ƙasa a hankali ya taho da ɗan ɓawon uwar, sannan ka gyara bakin da wuƙa. Wuƙar Reg ƙarama ce mai ƙotar ƙashi, ya wasa ta har ta koma rabinta, kuma sai da na shekara uku kafin ya bari na taɓa ta. Ka zage ganyen ƙasa da farce, ka huda yashi da tsinke, ka soka, ka danna, ka rufe da gilas a inuwa. In ka yi nawa rana ta taɓa buhun, aikin ranar ya lalace, kuma ba za ka sani ba sai bayan sati shida, lokacin da ka ɗaga ka ga babu saiwa.

Aski kuma aikin watan Maris ne. Da babban almakashi ake bi a rage busasshen furen bara, a tsaya daidai inda kore ya ƙare. In hannunka ya zarce ya shiga tsohon ice, wannan reshen ba zai sake toho ba. Heda tana da ƙuruciya da tsufa, shekarun farko tana rarrafe, sannan ta cika ta yi kauri, bayan shekara ashirin da wani abu tsakiyarta ta buɗe, rassan su kwanta, ta fara mutuwa daga ciki. Dole ka iya duban kowace ka san shekarunta kafin ka ɗaga almakashi, kuma a watan Maris yatsunka ba sa jin komai saboda sanyi. Wannan ne gardening ɗin da kuka yi wa dariya. Ba ku kuka fara ba ma, iyayenku sun riga ku. A masallaci an sha tambayata yaushe zan nemi aikin da ya dace da mai ilimi, ni kuwa ban taɓa ɓoye hannuwana a aljihu don kar a ga ƙasa a farcena ba.

Masu saye kuwa sai dai haƙuri. Akwai wata tsohuwar Baturiya da take zuwa duk shekara ta sayi tukunya shida, duk shekara kuma ta dawo da su a mace ta ce marasa lafiya muka sayar mata. Sai da na bi ta har gida na ga inda take dasa su, gindin katangar siminti, inda allin ginin ke wanko musu duk lokacin da aka yi ruwa. Masu biki farar heda suke nema, wai tana kawo sa'a, ango ya maƙala a ƙirji. Ni dai ina sayarwa, ban taɓa yi wa kowa alkawarin sa'a ba. Wanda ya fi ba ni wahala wani likita ne ɗan Kano da ke zaune a Barking. Ya ji labarin akwai Bahaushe a wurin, ya zo ya cika but ɗin motarsa, na yi masa bayani dalla-dalla yana ta “to, to, Malam Ilu”. Ya je ya dasa su a laka, ya bi su da takin zamani don ya ga ba sa girma da sauri. Da ya dawo yana ƙorafi ban iya yi masa faɗa sosai ba, don na san daga inda tunanin ya fito.

A 1986 na je gida, na dawo da bakin fartanya biyu a cikin akwati, ƙirar wani maƙeri na kasuwar garinmu, na yi musu ƙota da icen ƙasar nan. Dalili shi ne aikin kankare ƙasa. A kan tudu ganyen bishiyoyi yana zuba ya ruɓe ya zama taki, to dole a kankare wannan baƙin saman a kwashe a bar yashi tsirara. Fartanyar Turawa doguwar ƙota gare ta, tana yin sara fiye da yadda kake so. Tamu kuwa tana jin maganar hannu, kana iya ɗauke kaurin yatsa ɗaya ka tsaya. Reg ya yi mini dariya ranar farko, ya ce bayana zai karye kafin in kai arba'in. Sati bai cika ba na tarar ya ɗauke ta biyun, bai kuma dawo da ita ba har ya bar aiki.

Guguwar Oktoban 1987 ce ta koya mini abu mafi girma a sana'ar. Ta tumɓuke bishiyoyi ko'ina a kudancin ƙasar, a tudunmu ma ta kayar da wasu masu farin ɓawo da suka daɗe suna yi wa heda inuwa. Mutane na jimamin bishiyoyi, Reg kuwa yana yawo yana murmushi. Muka yi hunturu muna sara muna kwashewa. Da shekara ta zagayo, duk ramin da saiwar bishiya ta bari, inda yashi ya fito fili, sai ga 'ya'yan heda, a wurin da Reg ya ce tun yana saurayi bai ga heda ba. Babu wanda ya shuka su. Irin heda ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kowace uwa tana zubar da shi ba iyaka, ya shige ƙasa ya kwanta shekaru masu yawa yana jiran haske. Da ya yi mini bayani na ce masa ai mu ma muna da wannan, binne muke ce masa. Manomi ya shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya koma gida ya jira. Wanda bai sani ba fili kawai zai gani, mai gonar kuwa ya san an riga an yi shuka. Reg ya sa na maimaita masa kalmar sau uku, bai taɓa iya faɗinta daidai ba.

A 1989 mai wurin ya sayar wa wani babban kamfani da ya karɓi kwangilar kula da filayen shaƙatawa na yankin. Ba zan faɗi sunansa ba, ya ma daɗe da rushewa. Reg ya yi wata uku da su ya ajiye aiki, ya miƙa mini wuƙarsa da makullin ƙofar tudu, ya koma wurin 'yarsa a bakin teku. Manajan da aka kawo mana Mista Colin ne, ɗan shekara talatin da 'yan kai, kullum cikin kwat. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Filin ƙwallo da ciyawar gefen titi ya sani, kuma a wurinsa ƙasa iri biyu ce, kore wadda aka kula da ita, da wadda ba kore ba wadda aka yi sakaci da ita.

Shekarar 1990 ita ce muguwar shekara. Ruwan sama ya yi ƙaranci tun farko, zafin Agusta kuma ya kai inda ni ɗan Malumfashi nake neman inuwa. Gangunanmu suka ƙafe, na famfo kuwa kun ji abin da yake yi, fiye da rabin 'ya'yan da ke gidan gilas suka tafi ina kallo. Wata Asabar da la'asar wani ya yar da guntun sigari, ko kuwa da gangan aka kunna, Allah ne masani. Busasshiyar heda tana ci kamar an zuba mata kananzir. Kafin 'yan kwana-kwana su shawo kan wutar ta cinye tudun daga gindi har ƙoli, sai wani ɗan gefe a bayan duwatsu da ta tsallake. Da na hau washegari ina jin zafin ƙasa ta cikin takalmi, babu abin da ke tsaye sai baƙaƙen tsinkaye. Na zauna a kan dutse na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Matashiyar heda in ta ƙone tana iya tohowa daga gindi. Tamu yawancinta tsohuwa ce, na san ba za ta tashi ba. Abin da ya rage shi ne irin da ke cikin ƙasa, shi ma in wutar ba ta ratsa ta dafa shi ba. Na bi tudun da fartanya ina tonawa nan da can. Wasu wuraren ƙasar ta ƙone har ciki ta koma ja, wasu kuwa da ka ɗauke tokar sai ka tarar launinta bai sauya ba. Ba ni da tabbas, amma na ga dalilin jira.

Mazauna unguwar suka fara rubuta wasiƙu, wai tudun ya zama abin kunya, toka na shiga musu gidaje. A Oktoba Mista Colin ya kira ni ofis ya nuna mini tsarinsa a takarda. Za a kawo tifa-tifa na baƙar ƙasa mai taki a shimfiɗe tudun da ita, a watsa irin ciyawa, a gefen hanya kuma a dasa hedar kanti mai launi-launi don masu wucewa, kafin Kirsimeti ko'ina ya yi kore. Na ce masa in aka zuba wannan ƙasar an danne irin har abada, kuma hedar kanti ba ita ce ta tudun nan ba. Ya ce ya ji, amma an riga an yi booking ɗin motoci, ranar Litinin in buɗe ƙofa ƙarfe bakwai.

Ku sani a lokacin takardar zamana ta kusa ƙarewa, kuma wasiƙar wurin aiki ce zan kai babban ofishin shige da ficen nan na Croydon, wanda iyayenku suka sha layi a gabansa. Wanda zai sa hannu a wasiƙar shi ne Mista Colin. Na gaya wa matata Hajara abin da nake shirin yi. Ta tambaye ni ko na tabbata irin yana da rai. Na ce ban tabbata ba. Ta ce to aƙalla in sa rigar sanyi mai kauri, tunda tsayuwa zan yi.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, na bar ƙofar a kulle, na sa makullin a aljihu na tsaya a gabanta. Tifa uku suka iso. Direban ta gaba Alhaji Mumuni ne, kakan jaririyar da muka ci sunanta, mutumin zangon Kumasi, tare muke sallar Juma'a.

“Malam Ilu, buɗe ƙofa mana,” in ji shi ta taga. “Ƙasa nan ya mutu, kowa ya gani. Kai za ka ɓata aiki naka saboda ciyawa?”

“Alhaji, gona ce da aka yi wa binne. In kai ne, za ka juye tifa a kan shukar wani?”

Babansa manomi ne a arewacin Gana, ya san abin da nake nufi. Ya dube ni, ya dubi tudun, ya kashe injin. Ya ce shi dai an ce ya kawo ƙasa, ba a ce ya taka mutum ba, ya ciro flas ɗinsa ya zuba mana shayi. Sauran direbobin biyu da suka ga na gaba ya tsaya, su ma suka buɗe jarida.

Ƙarfe takwas da rabi Mista Colin ya iso fuskarsa ja wur. Ya ce in ba shi makulli, na ce Reg ne ya ba ni, kuma ba don wannan ya ba ni ba. Ya ce zai iya sa a yanke kwaɗon, na ce zai iya, amma sai dai motar ta bi ta kaina. Ya tuna mini da wasiƙar da nake jira daga hannunsa, na ce na tuna da ita tun kafin in fito daga gida. Muka yi kusan awa guda a haka, masu yawo da karnuka sun taru suna kallo, abin da kamfani ya fi tsoro ke nan. A ƙarshe ya ce za a juye ƙasar a gindin tudu ta gefen titi, inda idon mutane yake, saman kuma ya bar mini zuwa ƙarshen Mayu. In ranar ta zo babu heda, motoci za su hau, ni kuma in ajiye makulli in tafi da ƙafata, babu wasiƙa. Na ce na yarda. Na buɗe ƙofar da hannuna, na tsaya a kan iyaka ina kallo ana danne gindin tudun da baƙar ƙasa.

Aikin hunturun nan ni kaɗai na yi shi, don an janye sauran ma'aikata zuwa filayen ƙwallo. Na kewaye saman da shingen sanduna saboda karnuka, kashinsu ma taki ne. Inda toka ta taru da kauri na kankare ta da fartanya na kwashe a baro. Inda ƙasa ta dafu ta yi ja kuwa, na je ɗan gefen nan da wuta ta tsallake na yanko kawunan heda masu iri na watsa a kai. Kafin Kirsimeti gindin tudu ya yi kore shar kamar yadda Mista Colin ya faɗa, nawa kuwa baƙi ƙirin a samansa. Wata mata ta tsaya a bakin shinge ta tambaye ni ko ba na jin kunyar karɓar albashi. Na ce mata ta dawo bayan shekara uku. Ta ce za ta kai ƙarata, na nuna mata hanyar ofis.

Maris ya wuce babu komai. Afrilu ya kawo ciyawa nan da can da 'ya'yan bishiya, na bi su ina tumɓukewa, heda kuwa shiru. Alhaji Mumuni ya ba ni shawara in ɗebo 'yan tukwanen da suka rage a gidan gilas in dasa a ɓoye, wa zai sani. Na ce ni zan sani, kuma 'yan tukwane ba sa rufe tudu. Amma a watan nan na fara tunanin abin da zan ce wa Hajara da 'ya'yanmu in an ce mu tattara mu koma, kuma tsoro ya kama ni sosai. Sai a sati na biyu na Mayu, bayan kwana uku ana yayyafi, ina cire wata ciyawa na ga wani ɗigo kore a gefen yatsana, ganye biyu a buɗe, dukansu ba su wuce kan allura ba. Na kara gilashi na duba. Na matsa gaba na ga wani, na sake ganin wani. Ban gaya wa kowa ba sai Hajara. Mista Colin ya ce ƙarshen Mayu, na bar shi ya zo a ranarsa.

Ya zo ranar ƙarshe ta watan da safe, ana ɗan ruwa, tifar Alhaji Mumuni na biye da shi cike da ƙasa. Ya tsallaka shingen ya taka har tsakiyar filin da takalminsa mai sheƙi, ya duba hagu ya duba dama. Daga tsaye babu abin da ido zai gani sai baƙar ƙasa da tsinkaye. Ya ce bai ji daɗin yadda abin ya ƙare ba, amma yarjejeniya muka yi.

“Tana ina, Ilu?”

“Tana gaban takalminka.”

Ya sunkuyar da kai ya ce bai ga komai ba, in tsinko ɗaya in nuna masa.

“Ba na tsinke heda mai sati biyu don wani ya huta da durƙuso,” na ce masa. “Ga gilashi. In kana son gani ka sauko inda take.”

Ya tsaya yana kallona, ruwa na sauka a kafaɗar kwat ɗinsa. Na san wasiƙata tana hannunsa, shi ma ya san na sani. Alhaji Mumuni ya leƙo ta taga ya tambaya ko ya hau ne ko an yi cancel. Can sai Mista Colin ya ɗan ja wandonsa sama, ya sa gwiwa ɗaya a cikin jiƙaƙƙiyar toka, sannan ya sa ta biyun. Ya karɓi gilashin ya kai fuskarsa kusa da ƙasa, ya daɗe a haka. Na ga kansa yana juyawa a hankali daga gabansa zuwa gefensa, zuwa baya inda sawun takalminsa ya biyo, don ido in ya gane ɗaya sai ya ga sauran ko'ina, har bakin shinge.

Ya miƙe gwiwoyinsa baƙi ƙirin, ya ɗaga ƙafa zai taka sai ya fasa, ya tsaya da ita a sama.

“Ta ina zan fita?” ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce masa ya riƙa sa ƙafarsa inda na cire tawa. Na shige gaba, ya biyo ni taku bayan taku har bakin ƙofa.